A Amurka Faɗuwa Tana Da Lada, A Minna Kuwa Sai An Reni Yaro

Duk wanda ya san filin wasa na Bako Kontagora da ke Minna, ya san babu abin da 'yan kallo ke roƙo ran da Niger Tornadoes ta karɓi baƙi sai nasara. In aka gaya wa waɗannan mutane cewa akwai wata ƙasa inda magoya bayan kulob kan yi fatan a cinye kulob ɗinsu, har su yi murna in an lallasa shi, lalle za su ce almara ce. Amma kuwa ba almara ba ce. A Amurka wannan al'amari ya daɗe yana jawo gardama tsakanin masu kulob, da masu koyar da 'yan wasa, da 'yan jarida, watau shin ya fi kyau kulob ya faɗi da gangan don ya sami damar zaɓar gwanin yaro a baɗi, ko kuwa ya tsaya ya reni yaran da ke hannunsa?

Mai karatu da ke Agege ko Sabon Badun ko Shagamu zai iya cewa ina ruwan Minna da gardamar Amurkawa. Da ruwanta. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ita ce, daga ina kulob marar ƙarfi zai sami gwanayen gobe? Wannan tambaya kuwa ta shafi Tornadoes, ta shafi Jihar Neja, ta kuma shafi kowane magidanci da ya bar ɗa a gida yana buga tamaula a Bosso ko Tunga ko Kpakungu.

YADDA AMURKAWA KE RABON YARA

A manyan gasannin Amurka, kamar na ƙwallon kwando da na ƙwallonsu mai kama da zari-ruga wanda su ma suke kira ƙwallon ƙafa, kulob ba ya renon yaro tun yana ƙarami. Makarantun sakandare da jami'o'i su ke wannan aiki. In shekara ta zagayo sai a jera yaran da suka isa shiga wasan neman kuɗi, kulob-kulob su riƙa zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Wannan rabo shi suke kira diraf. Ka'idarsa ita ce, kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a gasar bara shi ke fara zaɓe, zakara kuwa shi ke zaɓe a ƙarshe. Gasar ƙwallonsu ta NFL ta fara wannan tsari tun 1936, da nufin kada kulob-kulob masu kuɗi su kwashe gwanaye su bar saura da tarkace.

Nufin yana da kyau, amma akwai ƙofa a cikinsa. A can babu zancen kulob ya faɗa rukuni na biyu. Ko da bai ci wasa ko ɗaya ba, baɗi yana nan a gurbinsa, kuma kasonsa na kuɗin talabijin yana nan. Saboda haka in kulob ya ga ba zai ci kofi ba, sai shugabanninsa su lissafa su ga zama na ƙarshe ya fi zama a tsakiya riba. Ba kasafai akan ce wa ɗan wasa ya zubar da wasa ba. Abin da akan yi shi ne a sayar da gwanaye, a ajiye waɗanda suka rage a benci da sunan hutu ko ciwo, a zuba waɗanda ba su isa ba.

Wani ɗan ƙasar nan yana cikin tarihin wannan al'ada. A kakar wasa ta 1983 zuwa 1984, kulob ɗin ƙwallon kwando na Houston Rockets ya ci wasa 29 aka cinye shi 53, kuma yadda ya riƙa shan kashi a ƙarshen kakar ya sa mutane da yawa suka zarge shi da faɗuwa da gangan. Yaron da ake hange shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, wanda ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana yaro kafin ya koma kwando. Houston ta sami zaɓen farko a 1984 ta ɗauke shi, daga baya ya ciyo mata kofi sau biyu, a 1994 da 1995. Hukumar gasar, watau NBA, ta ga in aka bar abin haka kowa zai kwaikwaya, sai ta shigo da ƙuri'a daga 1985, yadda na ƙarshe ba shi da tabbacin shi zai fara zaɓe. A 2019 ta ƙara tsuke ƙofar, kulob uku na ƙarshe kowanne rabonsa na samun zaɓen farko bai wuce kashi 14 cikin 100 ba.

Duk da haka abin bai mutu ba. Kulob ɗin Philadelphia 76ers ya yi shekara uku, daga 2013 zuwa 2016, yana bin wannan hanya a fili. Cikin wasa 246 da ya buga a waɗannan shekaru, 47 kaɗai ya ci. Ladan da ya samu shi ne Joel Embiid, ɗan Kamaru, wanda ya zama gwanin gwanayen gasar a 2023. Amma wasu daga cikin yaran da aka zaɓo da irin wannan wahala ba su yi abin kirki a kulob ɗin ba, manajan da ya tsara dabarar, Sam Hinkie, ya ajiye aiki a 2016, kuma har zuwa 2025 kofin da aka yi faɗuwar dominsa bai zo ba. A 2018 hukumar ta ci mai kulob ɗin Dallas Mavericks, Mark Cuban, tarar dala 600,000 saboda ya faɗa a fili cewa faɗuwa ita ce ta fi wa kulob ɗinsa amfani a wannan kakar. A ɓangaren NFL kuwa, Cleveland Browns ta ci wasa ɗaya tak cikin 32 a shekarun 2016 da 2017, ta sami zaɓen farko sau biyu a jere.

Masu sukar wannan dabara a can suna kafa hujja da cewa yaro ba ya koyon cin wasa a gidan da shugabanni ke murnar faɗuwa. Ko an kawo gwani, in ya tarar babu manyan da za su nuna masa hanya, babu kuma wanda ya damu da sakamako, to halin gidan zai ɗauka.

A NAN FAƊUWA BA TA DA LADA

A ƙwallon ƙafa irin wanda ake bugawa a Nijeriya da Ingila da sauran duniya, lissafin a juye yake. Babu wani rabon yara. A kakar 2024 zuwa 2025 kulob 20 ne suka buga babbar gasar ƙasar nan, kowanne wasa 38, kuma huɗu na ƙarshe suka gangara rukuni na biyu. Wanda ya gangara ba a ba shi komi sai doguwar tafiya a kan munanan hanyoyi, da filaye marasa ciyawa, da gwanayensa da za su kama gabansu.

Mutanen Minna sun san ɗacin wannan. Niger Tornadoes, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Yaran Ikon Allah, kulob ne na gwamnatin Jihar Neja, kuma tana da tarihin da ba a rainawa. A shekarar 2000 ta doke Rangers ta Inugu da ci 1 da nema ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa, abin da ya ba ta damar wakiltar Nijeriya a gasar Afirka a 2001. A watan Oktoba na 2017 ta sake kaiwa wasan ƙarshe na wannan kofi, a filin wasa na Agege, a tsakiyar unguwar da 'yan Arewa suka fi yawa a Ikko. Aka tashi babu ci, Akwa United ta ɗauke kofin da bugun fenareti 3 da 2. A watan Yuli na 2019 ta koma wasan ƙarshe a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, nan ma aka tashi babu ci, Kano Pillars ta yi nasara da fenareti 4 da 3.

Abin lura a nan shi ne, sa'ad da Tornadoes ta shiga filin Kaduna a wannan rana, ta riga ta faɗa rukuni na biyu a gasar wannan shekara. Watau kulob ɗin da saura ƙiris ya ɗauki kofin ƙasa, shi ne kuma ya rasa gurbinsa a babbar gasa. Sai a 2021 ya sami dawowa. Da a Amurka ne, da wannan faɗuwa ta zama tikitin zaɓar gwanin yaro. A nan kuwa shekara biyu ce ta wahala kawai.

To, tunda faɗuwa ba ta da lada, sai mutum ya zaci matsalar Amurkawa ba ta shafi ƙasar nan ba. Gaskiyar magana ita ce tana nan, sai dai ta wata fuska. A can kwaɗayin yaro ne ke sa a zubar da wasa. A nan tsoron faɗuwa ne ke sa a zubar da yaro. Yawancin kulob-kulob na babbar gasa na gwamnatocin jihohi ne. Koci ya san in aka cinye shi sau uku ko huɗu a jere, za a ba shi wa'adi, in bai gyara ba a sallame shi. Shugabannin kulob su ma naɗa su aka yi, kuma sun san ranar da kulob ya gangara kujerarsu ta fara rawa. A cikin irin wannan hali, wa zai yarda ya saka yaro ɗan shekara 17 a tsakiyar baya? Gara a nemo wanda ya riga ya zagaya kulob biyar ko shida, a biya shi kuɗin sa hannu, ya yi kaka ɗaya ya wuce. Baɗi kuma a sake sabon lale. Kuɗi sun fita, kulob bai mallaki komi ba, yaran gari kuwa suna bakin fili suna tsintar ƙwallo.

Daɗin daɗawa, akwai shekarun da Tornadoes ba ta buga wasanninta na gida a Minna ba saboda filinta bai cika sharuɗɗan gasa ba. Ta yi zaman aro a Lokoja bayan ta dawo babbar gasa a 2016, daga baya kuma ta yi a Kaduna. Asarar da aka fi ambata ita ce ta kuɗin shiga da ta maki. Amma akwai wata wadda ba a lissafawa, watau yaran Limawa da Maitumbi da Chanchaga da suka tashi a waɗannan shekaru ba su ga kulob ɗin garinsu yana wasa ba. Yaron da bai taɓa ganin rigar Tornadoes a fili ba, ba zai yi mafarkin sa ta ba.

IRIN TAMU FAƊUWAR

Kada kuma a ce ba a faɗuwa da gangan a ƙasar nan. Ana yi, sai dai ba don a sami yaro ba, don a ɗaga wani kulob ko a ceto shi ne. Misalin da duniya ba ta manta ba ya faru a Bauchi a watan Yuli na 2013, a wasannin neman hawa daga rukunin 'yan sha'awa. Kulob biyu, watau Plateau United Feeders ta Jos da Police Machine ta Yola, makinsu ɗaya, saboda haka yawan ƙwallaye ne zai raba su. Aka buga wasanninsu na ƙarshe a lokaci guda. Kafin hutun rabin lokaci Plateau United Feeders ta ci Akurba 7 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 6 da nema. Da aka tashi, na farko ya zama 79 da nema, na biyu 67 da nema. In mai karatu ya lissafa, ƙwallo 72 cikin minti 45 ya kama ƙwallo ɗaya a ƙasa da kowace daƙiƙa 40, har da lokacin ɗauko ta daga raga a mayar tsakiyar fili.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta dakatar da kulob-kulob ɗin huɗu na shekara goma, ta kuma haramta wa 'yan wasa da jami'an da ke ciki harkar ƙwallo har abada. Hukuncin ya dace da laifin. Amma ya kamata a duba su wa hukuncin ya fi faɗa wa. Wannan rukuni shi ne ƙasan tsani, inda yaro ke fara sa ƙafa, kuma ɗaya daga cikin kulob-kulob ɗin sunansa ma ya nuna an kafa shi ne don ya riƙa ciyar da babban kulob da matasa. Su aka sa suka tsaya kamar gumaka ƙwallo tana wucewa. Wurin da aka gina don renon yaro, shi aka mayar wurin koya masa ha'inci. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ko ta wane gefe.

BAMBANCIN ASARA DA JARI

A nan ne ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da suka yi kama da juna a kan allon sakamako. Kulob ɗin da ya ajiye gwanayensa don a cinye shi, da kulob ɗin da ya saka yara uku cikin goma sha ɗaya har suka yi kuskure aka cinye shi, dukansu sun rasa maki uku. Amma na farko ya yaudari wanda ya biya kuɗin shiga, na biyu kuwa ya shiga fili ne da niyyar ci, kuma ya fita da yara uku da suka ƙaru da wasa ɗaya. Ɗan wasa ba ya nuna a wurin atisaye. Sai ya ji ihun 'yan kallon Aba ko na Fatakwal a kansa, ya yi kuskure, ya kwana da baƙin cikinsa, a sake saka shi mako mai zuwa.

Ahmed Musa shaida ne. Yana ɗan shekara 17 Kano Pillars ta riƙa saka shi a kakar 2009 zuwa 2010, bayan ya fito daga wata makarantar ƙwallo da kulob ɗin JUTH a Jos. Ya ci ƙwallo 18 a wannan kaka, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa cin haka a gasar. Daga nan ya tafi VVV-Venlo a Holan, sa'an nan CSKA ta Mosko, sa'an nan Leicester a Ingila, ya kuma ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014 da biyu a ragar Iceland a 2018. Da kocinsa ya ce yaro ne sai ya ƙara girma, da wataƙila labarin ya sha bamban. Haka kuma Zaidu Sanusi ya tashi daga Jega ta Jihar Kebbi har ya kai Porto a 2020, Sadiq Umar daga Kaduna har Roma da Real Sociedad, Shehu Abdullahi daga Sakkwato har gasar cin kofin duniya. Babu wanda zai ce ƙasar Neja, mai ƙananan hukumomi 25 daga Suleja zuwa Borgu, daga Bida zuwa Kontagora, ita kaɗai ce ba ta haifar irin waɗannan yara.

KUƊIN RENO

Wani abin da iyaye da yawa, har da wasu masu ƙananan kulob-kulob, ba su sani ba shi ne, dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta tanadi lada ga mai reno tun 2001. In aka sayar da ɗan wasa daga kulob na wata ƙasa zuwa na wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya na kuɗin cinikin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da rabin kashi ɗaya. Kuma ba sau ɗaya ake biya ba, duk sa'ad da aka sake irin wannan ciniki sai an biya.

A ɗauki misali. A ce wani kulob a Minna ya riƙe yaro daga shekara 12 har ƙarshen shekararsa ta 17, daga baya aka sayar da yaron daga Beljiyam zuwa Faransa a kan yuro miliyan 10. Kason wannan kulob shi ne kashi 2 cikin 100, watau yuro 200,000, yana zaune a gida. Ban da wannan akwai wani kuɗin diyyar horo da ake biya in yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a waje. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi na musamman da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe ya miƙa wa masu su.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma a nan ne ake yin asara. Sai in an yi wa yaron rajista da hukumar ƙwallo a sunan kulob ɗin, shekara bi shekara, da ainihin ranar haihuwarsa. Kocin unguwa da ya yi shekara shida yana saya wa yaro takalmi daga aljihunsa, in babu takarda, ba shi da ko kwabo. Wanda ya zo daga baya ya rubuta sunan yaron a littafinsa shi zai kwashe.

Zancen ranar haihuwa kuwa ba ƙarami ba ne. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Amma tun 2009 ake amfani da na'urar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekarun yara, kuma a watan Agusta na 2016 'yan wasa 26 daga sansanin Nijeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar. Nijar ta fitar da Nijeriya, masu riƙe da kofin duniya, daga gasar. Rage shekaru ma wani nau'i ne na cin wasan yau da sayar da na gobe, domin duk ƙaton da aka saka a gurbin yaro, wani yaro na gaskiya ne ya rasa wurinsa.

DARASI DAGA IKENNE

'Yan Arewa mazauna Sabon Shagamu ba sai sun yi nisa ba kafin su ga abin da reno ke haifarwa. A garin Ikenne na Jihar Ogun, wanda ke maƙwabtaka da su, akwai kulob ɗin Remo Stars na wani ɗan kasuwa, Kunle Soname. Tarihinsa ya yi kafaɗa da kafaɗa da na Tornadoes a wani lokaci. Tare suka faɗa rukuni na biyu a 2019, tare kuma suka dawo a 2021. Remo Stars ta gina filinta na kanta, da masaukin 'yan wasa, da makarantar renon yara mai suna Beyond Limits. A 2024 yaran wannan makaranta suka je Italiya suka ciyo kofin Viareggio, wanda yana cikin tsofaffin gasannin matasa a Turai. A 2025 kuma babban kulob ɗin ya zama zakaran Nijeriya karo na farko a tarihinsa, ƙarƙashin koci Daniel Ogunmodede, wanda aka bar shi a kan aiki shekara da shekaru.

Ba duk 'yan wasan da suka ci wannan kofi ne suka fito daga makarantar ba, an sayo wasu daga wurare dabam dabam. Kuma aljihun ɗan kasuwa ɗaya ba daidai yake da baitulmalin jiha ba, wanda ke da asibitoci da makarantu da hanyoyi a kansa. Amma abin da ya bambanta Ikenne ba kuɗi kaɗai ba ne. Kulob ɗin ya ɗauki faɗuwar 2019 a matsayin lokacin gini, ya kuma bar mutanen da ya ba aiki su ga ƙarshen abin da suka shuka. Wannan kuwa bai fi ƙarfin kulob na gwamnati ba, in akwai niyya.

ABIN DA YA RAGE GA MINNA

Tunda babu wanda zai jera wa Tornadoes yara ta zaɓa, sai ta jera wa kanta. Kayan aikin suna nan. Akwai makarantun sakandare a kowace masarauta, kuma manya suna tuna zamanin da gasar makarantu ke cika fili, har daga cikinta ake zaɓar 'yan wasan jiha. Akwai kofin Ramat na matasa da ake bugawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammed, wanda shi ya ƙirƙiro Jihar Neja a 1976. Akwai kulob-kulob na unguwanni da babu mai ba su ko sisi amma ba su fasa fita fili da asuba ba.

Abin da ake bukata shi ne a ɗaure waɗannan da babban kulob. A riƙe ƙungiyoyin 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 duk shekara, ba sai gasa ta taso a tattaro su cikin mako biyu ba. A yi wa kowane yaro rajista, a kuma rubuta sunan kulob ɗin unguwar da ya fito don shi ma ya sami kasonsa. A ba koci kwantiragin shekara uku, a auna shi da maki a kuma auna shi da yawan yaran jiha da ya saka a wasa. 'Yan kallon Bako Kontagora su ma suna da nasu aikin, domin muddin za a zagi yaro a jefe shi da ledar ruwa a kuskurensa na farko, babu kocin da zai sake saka shi.

Ga 'yan uwa mazauna Kurmi kuwa, waɗanda guminsu ne ke riƙe da gidaje da yawa a Minna da Bida da Kontagora, akwai abubuwa uku da ke hannunsu. Na farko, a yankar wa yaro takardar haihuwa tun yana jinjiri, kuma kada a yarda wani ya taɓa ta. Na biyu, in yaro ya shiga wani kulob, a tambaya ko an yi masa rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, a kuma tabbata bai bar makaranta ba, domin cikin yara ɗari da ke fili ba lalle ne ɗaya ya ci abinci da ƙwallo ba. Na uku, a yi hattara da dillalan da ke zuwa da alkawarin kai yaro Turai in an biya kuɗin jirgi. Dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga ƙasar nan zuwa wani kulob a waje, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara wasa a Holan. Duk wanda ya ce a sayar da gona ko shago don a fitar da yaro ɗan shekara 15, to ba ƙwallo ce ta kawo shi ba.

Ƙungiyoyin 'yan asalin Neja da ke Ikko da Badun da Anaca sun saba haɗa kuɗi don gina masallaci ko rijiya a gida. In wata daga cikinsu ta ɗauki nauyin kofi ɗaya na makarantu a ƙaramar hukumarta, da riguna da ƙwallaye da kuɗin alƙalin wasa, ta yi wa Tornadoes aikin da ya fi sayen tsohon ɗan wasa amfani. Mutanen Agege sun ga kulob ɗin ya zo bakin kofi a 2017 ya koma hannu rabbana. In Allah ya sa ya sake dawowa wasan ƙarshe a Ikko, zai fi daɗi a ce cikin goma sha ɗayan da suka shiga fili akwai waɗanda 'yan kallo suka san gidajen iyayensu.